Yadda ake gabatar da roƙo a gaban kotu a shari'ar aikata laifi

Tsakanin ranar da aka gurfanar da mutum a gaban kotu da ranar da za a yanke masa hukunci, akwai ƙananan hukunce-hukunce masu yawa da alƙali yake yankewa a kan hanya, kuma sau da yawa su ne suke tsara yadda ƙarshen shari'ar zai kasance. Ko wanda ake tuhuma zai kwana a gidansa ko a gidan yari, ko za a karɓi takardar da aka ce ya amsa laifi a cikinta, ko za a ba lauyansa kwafin bayanan shaidu kafin su tsaya a gaban kotu, duk waɗannan ba sa faruwa da kansu. Sai wani ɓangare ya tashi ya nema, ya faɗi dokar da ta ba kotu ikon yin abin da yake nema, ya kuma kawo hujja. Wannan neman shi ne lauyoyi suke kira moshan, masu aika rahoto daga kotuna kuma suka fi kiran sa roƙo ko buƙata.

Bayanin da zai biyo baya ya shafi ƙasashen da suka gaji tsarin shari'a irin na Ingila, kamar Nijeriya da Ghana da Kenya da Indiya da Kanada da Amurka. A ƙasashen da suke bin tsarin Faransa, irin su Nijar, alƙali mai bincike ne yake riƙe da babban kaso na aikin da ake yi kafin a fara sauraron shari'a, saboda haka hanyar ta ɗan bambanta, ko da yake haƙƙoƙin da ake karewa kusan iri ɗaya ne. Ko a cikin ƙasa ɗaya ma ƙa'idoji suna sauyawa daga wannan kotu zuwa waccan, don haka aikin farko na mai shirya roƙo shi ne ya karanta dokar da kotun da yake gabanta take aiki da ita.

Abubuwan da roƙo ya ƙunsa

Akwai roƙon da ake yi da baki nan take, kamar neman a ɗage zama ko neman a kawo tafinta. Amma duk abin da yake da nauyi, musamman a manyan kotuna, a rubuce ake gabatar da shi, kuma yawanci takardu uku ne suke tafiya tare. Ta farko ita ce takardar roƙon kanta, wadda take ɗauke da sunan kotu, da lambar ƙara, da sunayen ɓangarorin biyu, da sashen dokar da aka dogara da shi, sannan ainihin umarnin da ake so kotu ta bayar. Ta biyu ita ce takardar rantsuwa, inda ake zayyana abubuwan da suka faru. Ta uku ita ce rubutacciyar hujjar lauya, inda yake haɗa abubuwan da aka rantse a kansu da abin da doka da hukunce-hukuncen manyan kotuna suka ce.

Wajibi ne a rubuta umarnin da ake nema a fili, yadda alƙali zai iya kwafe shi kai tsaye ya zama hukuncinsa, domin a ƙa'ida kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba. Wanda ya rubuta cewa yana neman kotu ta yi masa adalci bai nemi komai ba. Wanda kuwa ya rubuta cewa yana neman kotu ta umarci masu gabatar da ƙara su ba shi kwafin rahoton likita da kwafin bayanan shaidu huɗu da aka ambata a takardar tuhuma cikin kwana bakwai, ya ba alƙali abin da zai iya amincewa da shi ko ya ƙi.

Takardar rantsuwa ita ce inda roƙo yake tsayuwa ko ya faɗi, kuma a nan ne aka fi yin sakaci. Abin da lauya ya faɗa da bakinsa a gaban alƙali ba shaida ba ne, komai daɗin zancensa. Shaida ita ce abin da aka rantse a kansa. Sashe na 115 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya fayyace ƙa'idar da kotunan wannan tsari suka daɗe suna bi: takardar rantsuwa za ta ƙunshi abubuwan da suka faru kawai, ban da jayayyar doka, ban da roƙo, ban da yanke hukunci, kuma idan mai rantsuwar daga wani ya ji labarin, sai ya faɗi sunan wanda ya gaya masa da wuri da lokaci. A ɗauki misalin ɗan'uwan wanda aka tsare, wanda ya rantse cewa: "Tsare ƙanena da ake yi zalunci ne kuma ya saɓa wa Kundin Tsarin Mulki." Wannan sakin layi lauyan gwamnati zai nemi a soke shi, kuma za a soke shi, domin hukunci ne, ba labari ba. Abin da ya kamata ya rubuta shi ne ranar da aka kama ƙanen nasa, da ofishin da aka kai shi, da ranakun da ya je ganin sa, da cewa a ziyararsa ta ƙarshe ya tarar ƙafarsa ta hagu ta kumbura har ba ya iya sa takalmi, da cewa ga takardar asibiti a haɗe da ta nuna yana da ciwon sukari tun kafin a kama shi. Sai a bar alƙali ya kai ga kalmar zalunci da kansa.

Ƙarya a takardar rantsuwa laifi ne mai zaman kansa, kuma ko ba a hukunta mai ita ba, da zarar an kama ƙarya ɗaya, sauran sakin layin ma sun rasa daraja. Idan wanda ake tuhuma ya taɓa zaman gidan yari, gara a faɗa a yi bayani da a ɓoye ɗaya ɓangaren ya tono.

Bayan an kammala takardu, sai a kai su wurin rajistaran kotu a shigar da su, a buga musu hatimi, sannan a miƙa kwafi ga ɗaya ɓangaren ta hanyar da doka ta amince, a kuma ajiye shaidar cewa sun karɓa. Wannan shaida ƙaramar takarda ce, amma rashin ta kan sa a ɗage roƙon beli na makonni alhali mutum yana tsare. Ɗaya ɓangaren yana da damar mayar da martani da tasa takardar rantsuwar, kuma a kotuna da yawa, duk abin da aka rantse a kansa wanda ba a musanta ba ana ɗaukar sa kamar an amince da shi. Saboda haka idan martaninsu ya zo da sabon zargi, kamar cewa wanda ake tuhuma ya aika a tsorata wani mai shaida, dole a amsa shi da ƙarin rantsuwa kafin ranar zama. Akwai kuma roƙon da ake yi ba tare da an sanar da ɗaya ɓangaren ba, kamar neman takardar izinin bincike ko ta kama mutum, wanda galibi masu bincike ne suke yi. Mai irin wannan roƙo nauyi biyu ne a kansa, domin ana sa ran zai bayyana wa kotu har abin da bai yi masa daɗi ba, tun da babu wanda zai faɗa a madadin wanda ba ya nan.

Neman beli

Wannan shi ne roƙon da ya fi kowane shafar iyalai, kuma ya kamata a fahimci tushensa. Wanda ba a yanke wa hukunci ba, a idon doka marar laifi ne. Sashe na 9 na Yarjejeniyar Ƙasa da Ƙasa kan Haƙƙin Jama'a da Siyasa ta 1966 ya ce tsare waɗanda suke jiran shari'a bai kamata ya zama shi ne abin da aka saba ba. Dokar Beli ta Ingila ta 1976 ta sa ba da beli ya zama asali, hanawa kuma sai da dalili, haka nan gyara na takwas na Kundin Tsarin Mulkin Amurka ya hana tsawwala kuɗin beli tun 1791. A Nijeriya, Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta 2015, wadda kotunan tarayya da na Abuja suke aiki da ita, jihohi kuma suka yi nasu irinta, ta ce a sashe na 162 a ba da belin wanda ake tuhuma da laifin da hukuncinsa ya haura ɗaurin shekara uku, sai dai idan akwai dalilin ganin zai sake aikata laifi, ko ya gudu, ko ya taɓa shaidu, ko ya lalata hujjoji, ko ya kawo wa bincike cikas.

Daga nan za a gane abin da alƙali yake son ji. Ba ya neman a tabbatar masa cewa mutumin bai aikata laifin ba, domin lokacin wannan bai yi ba, kuma lauyan da ya cika takardarsa da musanta laifi ya ɓata wa kansa fili. Tambayar da take ran alƙali ita ce: idan na sake shi yau, zai dawo ranar zama, kuma zai bar shaidu su zauna lafiya? Saboda haka a nuna inda yake zaune da tsawon lokacin da ya yi a can, da sana'arsa, da waɗanda suke ƙarƙashin kulawarsa, da cewa lokacin da 'yan sanda suka ba shi beli a ofishinsu bai taɓa ƙin amsa kira ba, idan haka abin yake. A ambaci waɗanda suka yarda su tsaya masa da matsayinsu. Idan yana da fasfo, a nuna a shirye yake ya ajiye shi a kotu. Aikin dangi a nan ya fi na lauya yawa, domin su ne za su tattaro takardar wurin aiki, da shaidar gida, da katin asibiti, da hotunan masu tsayawa.

Laifin da hukuncinsa kisa ne daban yake. Sashe na 161 na dokar 2015 ya bar wannan a hannun alƙalin babbar kotu kaɗai, kuma sai an nuna wani yanayi na musamman, kamar rashin lafiyar da likitan asibitin gwamnati ya tabbatar tare da nuna cewa inda ake tsare da shi babu kayan kula da ciwon, ko jan ƙafa wajen bincike da gurfanarwa da ya wuce shekara ɗaya. Kai irin wannan roƙo kotun majistare ɓata lokaci ne, domin ba ta da hurumi. Haka ma belin wanda aka riga aka yanke wa hukunci yana jiran ɗaukaka ƙara ya fi wuya nesa ba kusa ba, tun da yanzu doka ba ta kallon sa a matsayin marar laifi.

Ga wanda kuwa aka tsare ba tare da an kai shi kowace kotu ba, hanyar ita ce a roƙi babbar kotu ta umarci masu tsare da shi su kawo shi su faɗi dalilin riƙe shi. Tsohuwar hanya ce da majalisar Ingila ta ƙarfafa da doka tun 1679. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ƙayyade kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a cikin tazarar kilomita 40, kwana biyu kuma idan babu, ko abin da kotu ta ga ya dace da yanayin.

Kowane roƙo da lokacinsa

Roƙo mai kyau da aka kawo a makare ihu ne bayan hari. A kotunan tarayyar Amurka, ƙa'ida ta 12 ta dokokin shari'ar laifi ta wajabta a kawo ƙorafi kan lahanin takardar tuhuma, da neman a jefar da wata hujja, da neman a raba shari'ar waɗanda aka haɗa, duk kafin a fara sauraron shaidu. A Nijeriya kuwa, sashe na 396 na dokar 2015 ya yarda a ƙalubalanci ingancin tuhuma bayan wanda ake tuhuma ya amsa ko ya musanta, amma hukunci a kan ƙorafin sai ranar yanke hukuncin ƙarshe. Dalilan da ake kawowa sanannu ne: kotun ba ta da hurumi, ko abin da aka rubuta ba laifi ba ne a wata rubutacciyar doka, ko an taɓa yi wa mutumin shari'a a kan wannan laifi aka gama. Sai dai lauya ya auna kafin ya yi magana, domin idan kuskuren na rubutu ne kawai, masu gabatar da ƙara za su nemi izinin gyara tuhumar, kuma doka ta ba su wannan dama har zuwa kafin hukunci.

Neman a ba da kwafin hujjoji ya kamata ya zo tun da wuri, domin ba a yi wa mai shaida tambayoyin titsiye da hannu rabbana. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Brady a 1963 cewa ɓoye hujjar da za ta taimaki wanda ake tuhuma tauye haƙƙi ne, takwararta ta Kanada ma ta faɗaɗa wannan nauyi a shari'ar Stinchcombe a 1991. A nemi abu da sunansa: littafin shige da fice na ofishin 'yan sanda na ranar kamu, bayanin farko da mai ƙara ya bayar, hoton bidiyon da aka ɗauka lokacin tambayoyi.

Inda lokaci ya fi tsanani shi ne batun takardar amsa laifi. Jami'in da ya yi bincike yana tsaye a wurin shaida, lauyan gwamnati ya miƙa masa takarda ya tambaye shi ko ya gane ta, ya ce ya gane, sai lauyan ya nemi kotu ta karɓe ta a matsayin hujja. Ma'aikacin kotu zai kawo wa lauyan da yake kare wanda ake tuhuma takardar ya duba. A wannan ɗan taƙin ne zai miƙe ya ce: "Ya Mai Shari'a, muna adawa da karɓar wannan takarda, domin da duka aka sa wanda muke karewa ya sa mata hannu." Idan ya yi shiru aka karɓe ta aka sa mata lamba, kawo maganar duka daga baya ba kasafai take amfani ba. Idan ya yi magana a kan kari, sai a tsayar da babbar shari'ar a buɗe ƙwarya-ƙwaryar shari'a a cikinta, kuma masu gabatar da ƙara ne za su tabbatar, ba tare da wani kokwanto ba, cewa ba a tilasta masa ba. Haka sashe na 76 na dokar 'yan sanda da shaidar laifi ta Ingila ta 1984 ya tanada, haka ma sashe na 29 na Dokar Shaida ta Nijeriya, kuma sashe na 15 na Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta 1984 ya hana amfani da duk bayanin da aka samo ta hanyar azaba. A lura da wani bambanci da yake ruɗa mutane: wanda ya ce sam bai yi bayanin ba, ba a buɗe masa ƙwarya-ƙwaryar shari'a a kotunan Nijeriya, ana karɓar takardar ne a auna nauyinta a ƙarshe. Don haka dole lauya ya zauna da wanda yake karewa tun kafin ranar, ya ji ainihin abin da ya faru a ɗakin tambayoyi.

Kayan da aka samo ta binciken da ya saɓa wa doka kuwa, ƙasashe sun sha bamban a kansu. Amurka tana da tsanani wajen ƙin karɓar irin waɗannan kaya, musamman tun shari'ar Mapp ta 1961, alhali a Ingila da Nijeriya alƙali ne yake auna amfanin hujjar da munin hanyar da aka bi aka same ta.

Idan masu gabatar da ƙara suka rufe shaidunsu, akwai damar a roƙi kotu ta ce wanda ake tuhuma ba shi da abin da zai amsa. Ma'aunin da kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta shimfiɗa a shari'ar Galbraith a 1981 shi ne ko akwai shaidar da, idan an ɗauke ta a mafi ƙarfinta, za a iya kama mutum da laifi a kanta. A Nijeriya sassa na 302 da 303 na dokar 2015 ne suke magana a kai. A jera rukunan laifin ɗaya bayan ɗaya, a nuna wanda babu shaida ko ɗaya a kansa. Idan an ƙi roƙon, wanda ake tuhuma yana nan da damar kare kansa. Wannan ya bambanta da lauya ya ce ya dogara kacokan da shaidun masu ƙara ba zai kira kowa ba, wanda mataki ne mai haɗari da bai kamata a ɗauka ba sai an yi wa wanda ake tuhuma cikakken bayani ya kuma yarda.

Neman alƙali ya janye daga shari'a yana buƙatar abin da za a iya nunawa, kamar dangantaka ko wata moriya, ba don ya yanke hukuncin da bai yi wa mutum daɗi ba. A shari'ar McCarthy ta 1924 a Ingila an rushe hukunci ne saboda magatakardan kotun yana cikin kamfanin lauyoyin da suke da wata ƙara a kan mutumin da aka yanke wa hukuncin, ko da yake alƙalan sun ce ba su nemi shawararsa ba.

A ganina, babban abin da ya zubar da mutuncin roƙo a idon jama'a shi ne mayar da shi sandar jan lokaci, kuma wanda yake tsare shi ne yake biyan kuɗin wannan wasa da kwanakin rayuwarsa. Dokoki sun fara toshe ƙofar. Dokar 2015 ta Nijeriya ta ƙayyade wa kowane ɓangare ɗage zama sau biyar, tsakanin kowanne kada ya wuce ranakun aiki 14, sashe na 306 kuma ya hana sauraron roƙon dakatar da shari'ar laifi, abin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2017. Kanada ta tunkari matsalar ta ɗaya gefen a shari'ar Jordan ta 2016, inda aka sa wa kammala shari'a iyakar wata 18 a ƙananan kotuna da wata 30 a manya, bayan an cire jinkirin da ɓangaren wanda ake tuhuma ya jawo. Saboda haka mai neman a kori ƙara don jan ƙafar gwamnati ya zo da jerin ranakun zama da dalilin kowane ɗagewa, ya kuma tabbata nasa hannun a wanke yake.

Bayan alƙali ya yi magana

Amincewa da roƙo ba shi ne ƙarshen aiki ba. Sai an rubuta umarnin, alƙali ya sa hannu, an karɓi kwafi mai hatimin kotu, sannan a kai wa wanda zai aiwatar. A batun beli, masu tsayawa za su bayyana da takardunsu, ma'aikatan kotu su tantance adireshinsu, su sa hannu a takardar alkawari, kafin a fitar da takardar saki zuwa gidan yari. Mai tsayawa ya san cewa idan mutumin ya gudu, kuɗin da aka rubuta a takardar a wuyansa suke, kuma yana da damar komawa kotu ya nemi a sauke masa nauyin tun kafin hakan ta faru. Sashe na 167 na dokar 2015 ya hana a ƙi mai tsayawa don kawai mace ce. Idan sharuɗɗan sun fi ƙarfin mutum, kamar a ce sai ya kawo babban jami'in gwamnati alhali bai san ko ɗaya ba, sai a shigar da sabon roƙo na sassauta sharuɗɗa, da takardar rantsuwa mai nuna waɗanda aka tuntuɓa, da ranakun da aka je musu, da irin masu tsayawar da za a iya samu a maimakonsu. Idan kuma ƙaramar kotu ce ta hana belin gaba ɗaya, ana iya kai sabon roƙo babbar kotu, a haɗa da kwafin hukuncin da aka yanke a ƙasa domin alƙalin ya ga dalilan da aka bayar da kuma amsar da aka tanadar wa kowannensu.